Daga gulbin Rima zuwa tafkunan Sikotland: shin mai tuƙa kwale-kwale zai iya gangamin jiragen iska?

“Assalamu alaikum. Ni ɗan Sakkwato ne, na tashi a gefen Kwalkwalawa, kuma tun ina yaro nake tuƙa kwale-kwale a gulbin Rima, na kuma iya iyo. Na sami gurbin ƙaro karatu a Sikotland, kuma malamin da zai duba aikina, da ya ji haka, sai ya ce in shirya in shiga jirginsa a wani gangami na ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, wanda ake yi na mako guda ta cikin tafkuna da hanyoyin ruwa da aka haƙa. Na ce masa to, amma ban san abin da na amsa ba. Mahaifiyata kuma hankalinta bai kwanta ba. Shin iyawata ta gida za ta wadatar? Me zan shirya? Kuma ko za a iya yin irinsa a nan wurinmu?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, tambayoyi uku ka jera: ko abin da ka koya a Rima zai yi maka rana a ruwan wata ƙasa, da abin da ya kamata ka tanada, da kuma ko ruwanmu na nan zai ɗauki irin wannan tafiya. Akwai ta huɗu da ka ambata a fakaice, wato maganar Hajiya, ita ma zan zo kanta. Aikina na madatsun ruwa ne da noman rani, kuma a lokacin da na je ƙaro ilimi a can ne na bi irin wannan gangami sau biyu, duka biyun a matsayin yaron jirgi, ba mai jirgi ba. Saboda haka abin da zan faɗa maka daga mazaunin yaron jirgi na hango shi, kuma wannan mazaunin ne za a ba ka. Iyawarka jari ce babba, sai dai akwai ɗabi'u biyu ko uku da gida ya koya maka waɗanda dole ka kwance su kafin ka taka jirgin.

Yadda gangamin yake da hanyar da ake bi

Jiragen buɗaɗɗu ne marasa ɗaki, tsawonsu yakan kama daga mita 4 zuwa 7, kowanne da mutum biyu zuwa huɗu. Da iska ake tafiya idan akwai ta, idan ta ɗauke a koma tuƙin hannu. Kowace rana da zangonta, a tashi tare da safe, a haɗu da yamma a wurin kwana, wasu a tanti, wasu a babban jirgin da ke rakiya. A wasu gangaman ana ƙirga lokaci a fitar da na ɗaya, amma yawancin mahalarta burinsu su isa lafiya tare da sauran. Turawan kan kira shi da wata kalma mai ma'anar kai hari, ko da yake ba wanda ake kai wa harin.

Tunda ka ce Sikotland, kuma ka ce tafkuna da haƙaƙƙiyar hanya, kusan tabbas Kanal ɗin Kaledoniya malaminka yake nufi, inda ake yin gangamin da aka fi sani da Sail Caledonia. Hanyar ta ratsa ƙasar a karkace, daga Fort William a kudu maso yamma zuwa Inverness a arewa maso gabas, kimanin kilomita 97. Kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka haƙa da hannu, sauran tafkuna ne na Allah da ke jere a cikin dogon kwari guda, manyansu su ne Lochy da Oich da Ness. Injiniya Thomas Telford ne ya tsara aikin, aka buɗe shi a 1822, wato shekara biyu kafin wani ɗan ƙasar tasu, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. Clapperton sojan ruwa ne, kuma a nan kusa da Sakkwato ya rasu a zuwansa na biyu, cikin 1827. Idan hira ta tsaya maka da dare a can, ka jawo wannan, za ka ga an gyara zama.

Galibi daga Fort William ake farawa, domin iskar da ta fi yawa a yankin daga kudu maso yamma take busowa, sai ta kasance a bayanku. A ƙasar Holan ma ana irin wannan gangami, amma can tafkunan ba su da zurfi, kuma wahalar ita ce ƙananan gadoji da ke sa a yi ta kwantar da jigon jirgi ana tayarwa. A Kaledoniya gadojin juyawa suke yi su ba jirgi hanya.

Abin da Rima ta ba ka

Wanda ya tashi cikin kwale-kwale yana da abin da ba a koyarwa a aji. Jikinka ya san inda zai sa nauyinsa ba tare da ka yi tunani ba, ba ka miƙewa tsaye babu dalili, ruwa in ya shigo ba ka rikicewa sai dai ka ɗauki ƙwarya ka kwarfe, kuma idonka ya saba karanta fuskar ruwa. Na ga masu digiri da suka haddace littattafan tuƙi amma suka kasa waɗannan. Wannan ne malaminka ya hango, kuma bai yi kuskure ba.

Bambancin farko shi ne tuƙin hannu. Mu a nan gaba muke fuskanta, da filafili ɗaya ko da doguwar gora da ake dogarawa a ƙasa. Su dogayen filafilai biyu ne da ake sanyawa a maƙallai a gefen jirgi, mai tuƙi ya juya wa inda za shi baya, ya ja da ƙugu da cinya. Gora ba ta da aiki a tafkin Ness, wanda zurfinsa ya kai wajen mita 230. Ranar farko za ka yi ta waiwaye, jirgin ya yi ta karkata, tafin hannunka kuma ya yi bororo a wuraren da filafilin gida bai taɓa shafa ba. Wannan yini biyu yake ɗauka ya zauna.

Na biyu shi ne ƙyallen iska, wato babban zanen da ake ɗagawa a jikin jigo. Mutane kan ɗauka iska tura jirgi kawai take yi daga baya. Gaskiya ita ce idan aka karkata ƙyallen daidai, yana aiki kamar fiffiken jirgin sama, ya ja jirgin gaba ko da iskar daga gefe take, ko ma daga gaba-gaba. Abin da ke hana jirgin zamewa gefe shi ne wani faffaɗan allo da ake saukarwa ta tsakiyar cikinsa zuwa cikin ruwa. Kai tsaye cikin iska ne kawai ba ya shiga, sai dai ya kusance ta da kimanin digiri 45, don haka idan inda za ku can ne iskar ke fitowa, sai ku yi ta tafiyar kwana-kwana, dama da hagu. A kowace kwana sandar da ke ƙasan ƙyallen takan tsallako daga wannan gefe zuwa wancan, daidai tsayin kan mutum a zaune. Sau ɗaya takan koya wa mutum sunkuyawa.

Igiya a hannu

A nan nake so ka tsaya da kyau. Mu an raine mu a kan cewa ɗauri mai kyau shi ne wanda ba ya motsi. Duk wanda ya taɓa ɗaure buhunan albasa a bayan mota, ko ya ɗaure kwale-kwale a turke da yamma, ya san ana yabon ƙulli ne idan ya ƙi kwancewa. A ƙaramin jirgin iska akwai igiyoyi biyu da wannan tarbiyya ke zama haɗari a kansu.

Ta farko ita ce igiyar da ke riƙe ƙyallen. Ƙarfin da iska ke dannawa a ƙyalle ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: idan iska mai gudun kilomita 15 a awa ta koma 30, nauyin ninki huɗu yake yi, ba biyu ba. Tafkunan kuwa suna kwance ne tsakanin duwatsu masu tsawo, iska takan matse a cikin kwarin, wani lokaci kuma ta faɗo daga wani lungu na gefe ba sallama. Maganinta ɗaya ne, a saki igiyar nan take, ƙyallen ya yi ta kaɗawa a banza, jirgin ya miƙe. Igiyar da aka ƙulle ba ta sakuwa nan take.

A tafiyata ta farko, a tafkin Lochy, iska ta lafa, yatsuna sun sandare don sanyi, sai na naɗe igiyar a maƙalli sau uku na ƙulle don in buɗe fulas ɗin shayi. Mai jirgin wata dattijuwa ce marar yawan magana. Ba ta ce mini komai ba, ta miƙo hannu ta kwance ƙullin, ta danƙa mini igiyar, sannan ta nuna gabanmu da haɓa. Can na ga wani baƙin tabo a fuskar ruwa yana tahowa kamar inuwar gajimare. Kafin in ƙirga goma ta same mu. Duk da na saki igiyar, sai da ruwa ya tsallako ta gefe ya cika mini takalma, fulas ɗin ya gangara ƙarƙashin benci, na koma kwarfa da yankakkiyar jarka. Da ƙullin nan yana nan, da mu uku muna cikin ruwa. Wannan baƙin tabon kai ma ka san shi, shi ne wanda ke gudu a kan Rima gabanin hadarin bazara, bambancin kawai a can ba hadari a sama da zai gargaɗe ka.

Daga wannan ne kuma dokar rage ƙyalle ta fito. Idan aka ga alamar iska za ta yi ƙarfi, ana naɗe wani sashe na ƙyallen tun jirgi yana gaɓa, domin yin hakan a tsakiyar ruwa ana tangaɗi aiki ne mai wuya. Tafkin Ness ya fi buƙatar wannan. Tsawonsa wajen kilomita 36 ne a miƙe kamar an ja layi, kuma idan iska ta bi tsawonsa, raƙuman ruwa girma suke yi a hankali har su zama wani abu dabam a ƙarshen arewa maso gabas. Sai ku tashi daga Fort Augustus, garin da ke ƙarshen kudu maso yamma, ruwa lumui, ku isa ɗaya ƙarshen kuna hawa da sauka.

Igiya ta biyu ita ce ta makullin ruwa. Tafkunan ba a tsayi ɗaya suke ba, Oich da ke tsakiya ya ɗara teku da kimanin mita 32, don haka sai an hau da jirgi an kuma sauko da shi. Makulli wani dogon ɗaki ne marar rufi, mai bangon dutse da ƙofa a kowane ƙarshe. Jirage su shiga, a rufe ƙofar baya, a buɗe ƙananan tagogin da ke jikin ƙofa, ruwa ya shigo ko ya fita har ya daidaita da na gaba, sannan a buɗe a wuce. Akwai irinsu 29 a hanyar. Takwas suna jere a Banavie kamar matakala, suna ɗaga jirgi kusan mita 20, biyar kuma suna Fort Augustus, inda ake sauka zuwa Ness, 'yan yawon buɗe ido na tsaye a kanku da kyamara. Ma'aikatan kanal ne ke sarrafa ƙofofin, naku aikin riƙe jirgi ne.

A hawa, ruwan da ke shigowa yana tafasa kamar tukunya, musamman kusa da ƙofar gaba, sai ka yi ta janye rarar igiya don kada jirgin ya yi lilo ya bugi na kusa. A sauka ruwan shiru yake, kuma shirun ne ke ruɗin mutum. Ana zagaya igiyar ne a ƙugiyar da ke saman bango a dawo da bakinta hannu, a riƙa sassautawa. Kowane makulli yakan sauke ruwa fiye da mita biyu, don haka wanda ya ƙulle tasa zai ga ruwa ya tafi ya bar jirginsa a rataye. Na ga an yi haka a jirgin da ke gabanmu, goshinsa ya ɗaga sama, kayansu suka zube baya, sai da ɗayansu ya zaro wuƙa ya datse igiyar, jirgin ya faɗa ruwa da ƙara. Shi ya sa kowa ke rataye da ƙaramar wuƙa. Kada kuma ka naɗe igiya a tafin hannunka, kada ka sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango, akwai matasan roba da aka rataya don wannan. A sauka kuma ku nisanci ƙofar baya, domin akwai dakalin dutse a ƙarƙashinta da ke bayyana idan ruwa ya ja.

Sanyin ruwan, da maganar “to”

Ka ce ka iya iyo, kuma na yarda. Amma iyon da ka sani na ruwan ɗumi ne. Can ƙasan tafkin Ness yana zaune wajen digiri 5 zuwa 6 duk shekara, kusan sanyin ruwan firij, samansa ma a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, lokacin da akan yi gangamin, bai yi wani ɗumi ba. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, abin da ke fara samunsa shi ne jan numfashi na dole wanda ba ya iya hanawa, kuma idan kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Wannan kan ɗauki minti ɗaya zuwa uku. Bayan haka, cikin mintuna kaɗan, yatsu da hannuwa su daina yi masa biyayya. Gwanin iyo da wanda bai iya ba duk ɗaya ne a minti na farko. Abin da aka koya mana shi ne kada ka yi ƙoƙarin iyo, ka kwanta rigingine rigar ruwa, wato rigar da ke hana nitsewa, ta riƙe ka har numfashi ya dawo, sannan ka manne wa jirgin ko da a kife yake, domin masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum.

Saboda haka rigar ruwa a jiki take zama a ɗaure, ba a ƙarƙashin benci ba. Tufafi kuma ka guji auduga, har da wandon jins, domin idan ta jiƙe sanyi take riƙewa. Ulu ko yadin roba ake sawa hawa-hawa, da riga da wando masu hana ruwa a sama, da hular sanyi da safar hannu. Kada ka sayi komai a nan, ka bari ka isa, da yawa ma aro za a ba ka. Abin da ya fi sayayya muhimmanci shi ne ka nemi kulob ɗin jiragen iska na jami'arku ka yi kwas ɗin masu farawa. Hukumar RYA ta Birtaniya, mai kula da koyar da tuƙin irin waɗannan jirage, tana da matakin farko da na biyu, kowanne wajen yini biyu, kuma a ciki ake koya wa mutum kifar da jirgi da gangan da tayar da shi. Idan kana da asma, ko ciwon zuciya, ko sikila, likita za ka fara gani, wannan ba hurumina ba ne.

Ka ce ka amsa wa malaminka da “to” ba tare da ka san abin da ka amsa ba. A gida wannan ladabi ne, a jirgi kuwa ita ce ɗabi'ar da na fi jin tsoro a gare ka. Za a ba ka umarni da Turancin da ko a aji ba ka ji ba, cikin iska, da karin harshen mutanen can. Idan ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, da ƙarfi, ko sau nawa ne. Idan sanyi ya shige ka, ka faɗa. Idan kuma mai jirgi ya daka maka tsawa, ba raini ba ne, lokaci ne babu. Tun kafin tafiya ka tambaye shi yadda ake raba kuɗin rajista da na abinci, su ba sa jin nauyin irin wannan tambaya.

Sauran ƙananan abubuwa ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe goma na dare, ta fito kafin biyar na safe, shafaƙi kuma ba ya ɓacewa sosai, don haka ka tambayi malamai hukuncin Isha'i da Asuba da na kasaru da haɗa salloli, ka kuma karɓi jadawalin masallacin garin da za ka zauna. Alƙibla daga can kudu maso gabas take. Da yamma za a sha giya, ba wanda zai tilasta maka, ka dai faɗi abin da ba ka ci tun wurin rajista. Kilishi kuwa kada ka ɗauka, dokar Birtaniya ta hana shigar da nama daga ƙasashe irin tamu. Dabino da gyaɗa sun fi komai amfani a aljihu. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari masu kama da ƙyashi da ke fitowa idan iska ta kwanta, ka nemi ragar rufe fuska.

Hajiya, da ruwanmu na gida

Tsoron Hajiya yana da tushe. Duk wanda ke yankin nan ya ji labarin jirgin da ya nitse a kusa da Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, ya kuma ji na kusa da mu a Shagari da Goronyo. Amma idan ka duba musabbabin irin waɗannan, kusan kullum abu ɗaya ne: lodin da ya wuce kima, da tsohon jirgi, da rashin rigar ruwa, da kututturan da ke ɓoye, da rashin mai kai ɗauki. Gangamin da aka tsara da kyau yana da jiragen ceto masu inji da ke biye, ana duba hasashen yanayi kowace safiya, ana kuma soke zango idan iska ta yi yawa. Ka tambayi malaminka waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ka zauna ka yi mata bayani da hotuna, ka kuma yi mata alkawarin waya kowace yamma. Ba zan ce maka babu haɗari ba, akwai. Idan bayan duk wannan ta ce a'a, ka haƙura, gangamin ba na shekara ɗaya ba ne.

Game da yin irinsa a nan, ra'ayina shi ne za a iya wani abu mai kama da shi, amma ba kwafinsa ba. Kanal-kanal ɗin da ke Bakolori da na Rima ta tsakiya na ban-ruwa ne, ƙanana ne, cike da ƙofofi da kwalbatoci, ba a gina su don jirgi ba. Tafkin Goronyo yana da faɗi, kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas tana da ɗorewa, sai dai ruwansa hawa da sauka yake yi da shekara, kuma ba mu manta yadda ya ja baya a 2018 ba. Da damina kuwa guguwar gaban hadari ta fi ƙarfin ƙaramin jirgi mai ƙyalle. Wurin da ya fi dacewa shi ne tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, mai tsawon fiye da kilomita 130, daga wajen Yawuri zuwa Sabuwar Bussa, kuma madatsar da makullin jirage aka gina ta. Matsalolinsa su ne itatuwan da ruwa ya shanye, da tarun masunta da mamarinsu, da dorina, da tsargiya, sannan a yanzu da halin tsaro a wasu gaɓoɓin.

Al'adar taro a kan ruwa kuwa ba aro za mu yi ba. Argungu na yin bikinta tun 1934, da tseren kwale-kwale a cikin wasannin Kabanci, Yawuri kuma tana da Rigata. Abin da za a ƙara shi ne ƙyalle da allon ciki da rigar ruwa da jirgin rakiya. Wanda zai fara, da Sarkin Ruwa da Sarkawan wurin zai fara, domin su suka san inda kowane kututture yake, sannan hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa da mahukuntan madatsar. Idan ka je, ka auna mini jirgin malaminka da tef, tsawo da faɗi da zurfin allon ciki da girman ƙyalle, ka ɗauki hoton yadda aka kafa jigon. Akwai wani kafinta mai ƙera jirage a Yawuri da na daɗe ina yi wa bayanin allon nan da baki, har yau yana cewa sai ya gani.